Ɓarɓashin Ƙarfe a Idon Kawu Tartsatsi

Ba a taɓa ganin Kawu da riga marar huji ba. Ko ta fita unguwa ce matarsa ta goge ta rataye masa, sai ya ce bari ya leƙa shago ya duba wani abu, ya dawo da ƙananan ramuka a ƙirji kamar asu ya kwana a kanta. Daga nan mutanen layin suka sa masa Tartsatsi. Mai walda ne. Shagonsa na ƙarshen layi, tsakanin mai faci da mai sayar da fenti, ɗaki ɗaya mai rufin kwano, ƙofarsa cike da gadaje marasa ƙafa da tagogi da tankunan ruwa masu jiran layi. Idonsa na hagu ya yi hazo tun yana koyon aiki, wata waya ce ta tsinke ta zabge shi. Da na dama ya yi sana'arsa duka, kuma duk layin an yarda cewa in ya ja ɗinkin walda, sai ka rantse da zare aka yi shi.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa kiransa Tartsatsi ba, ita ce Yaya, babbar yayarsa. Auta take ce masa har furfura ta cika masa gemu. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, da keken ɗinkinta ta ciyar da shi, don haka ba ta ga dalilin da zai sa ta fara jin nauyinsa don ya yi 'ya'ya ba.

Su uku aka haifa: Yaya, Dogo, sai shi. Mahaifinsu yana wanke hannu bayan cin abinci ya kife a kan kwano, kafin a ɗago shi ya cika. Dogo direban motar kaya ne. Ya sauko daga mota zai gaisa da wani, ya miƙa hannu ke nan ya zube, mutumin ya tsaya da nasa hannun a miƙe. Duka biyun Yaya aka fara bugo wa ƙofa. Tun daga nan, in aka ƙwanƙwasa mata ƙyaure da ƙarfi sai ƙafarta ta tsaya cak a kan fedar keke.

Takan ce, “Mazan gidanmu ba sa jinya. Ko ruwa ba sa bari a miƙa musu. Sai dai a zo a ce miki ki fito.”

Da ƙafafun Kawu suka fara kumbura, matarsa ce ta fara gani, domin takalmin aikinsa ya daina shiga. Daga baya ya koma kwana a jingine da matasai, in ya kwanta sosai sai numfashi ya ƙi. In ya ɗaga ƙyauren shago da safe sai ya tsaya ya riƙe ƙugu, ya yi kamar yana kallon titi. Matarsa ta yi magana ta gaji, ta je ta faɗa wa Yaya. Washegari Yaya ta rufe kekenta da zane, ta zo ta tsaya a bakin shago da jaka a hammata.

“Auta, kashe wannan abu.”

“Yaya, bari in ƙarasa wannan kusurwa.”

“Ni ma ina da kusurwar da zan ƙarasa. Ka kashe ko in cire wayar da hannuna?”

“Ki cire mana, ta jefar da ke, in huta.”

Ya dai kashe. Mai faci yana dariya yana cewa yau an zo ɗaukar yaro daga makaranta.

A asibiti aka kwantar da shi a gefen hagu, aka shafa masa wani abu mai sanyi a ƙirji, likitar zuciya ta riƙa goga wani ɗan abu tana kallon allo. Mace ce siririya mai magana a hankali. Yaya tana tsaye a bayanta, ta ga wani abu baƙi da fari yana motsi, kamar buhun da iska ke ɗan ɗagawa. Likitar ta ce zuciyarsa ta buɗe, ta yi girma, bangonta ya saki, jinin da ya kamata ta tura da kowane bugu rabinsa kawai take turawa. Ta tambayi yadda mahaifinsu da Dogo suka rasu. Da Yaya ta gama ba ta labari, sai ta ajiye biro ta juyo da kujerarta.

“Baba, wannan ciwo hanya biyu yake bi da mutum. Wani zuciyarsa takan gaji a hankali, kuma magani na taimakonsa shekaru da yawa. Wani kuma yana tsaye lafiya bugun zai rikice, ya faɗi. Daga waje ba a bambance su. Abin da ya fi nuna mana wanda ke cikin haɗarin faɗuwa shi ne tabo a cikin naman zuciyar, kuma wannan hoton da na yi yanzu ba ya ganinsa. Akwai wata babbar na'ura ta maganaɗisu. Za a sa maka wani ruwa a jijiya, ya zaga, ya wanke daga lafiyayyen nama, amma ya maƙale a inda tabo yake, sai wurin ya fito fari a hoto.”

Fuskar Kawu ta washe, karo na farko tun shigowarsu. “Kananzir da alli ke nan.”

“Na'am?”

“In tanki na yoyo ba a ga tsagar ba, sai in shafa alli a waje, in zuba kananzir a ciki. Inda ya tsage nan allin zai yi duhu.”

“To, kusan haka ne,” in ji likitar, tana murmushi. “In an ga tabo, sai mu sa maka wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata, nan saman ƙirji. In bugun ya rikice, ita za ta fizgo shi ya dawo daidai. Sai dai ita da injin walda ba sa zama wuri ɗaya. Wutar injin na iya ruɗa ta, ta buge ka babu dalili, ko ta yi shiru lokacin da ake buƙatarta.”

“Wato in an sa, na bar walda.”

“Irin wadda kake yi, e.”

Yaya ta ce, “A sa masa. Ba sai an yi wani hoto ba. Uba ya tafi, ɗan'uwa ya tafi, me kuma ake nema a gani?”

Likitar ta ce da irin wannan tarihi na gida, ita ma hankalinta ya fi kwanciya da a sa. Kawu ya girgiza kai.

“Likita, ni ban taɓa yanke ƙarfe don ana zargin ya tsage ba. Sai na gani da idona. Ki nuna mini farin nan, ranar zan rataye gilashina, ba sai an roƙe ni ba. Amma ba zan bar sana'ata a kan wataƙila ba.”

Suka fito da ledar magunguna.

Ranar hoton ya sa riga mai huji kaɗan. A wani ɗaki mai sanyi, wata ma'aikaciya ta ce ya cire agogo da makullai da duk wani ƙarfe, sannan ta fara tambayoyi. Da ta zo kan ko ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

“'Yata, ki ce sau nawa a mako.”

Matarsa ta karɓe zancen da alfahari. A gidansu akwai maganaɗisun tsohuwar lasifika a naɗe cikin farin ƙyalle. In ya dawo ido na hawaye, sai ta zaunar da shi a bakin ƙofa inda haske yake, ta ɗage fatar idon da yatsa, ta kawo maganaɗisun kusa, ɓarɓashin ya yi tsalle ya manne a ƙyallen. Tun suna ango da amarya take yi masa, ba ta taɓa kai shi wurin kowa ba.

Ma'aikaciyar ba ta yi dariya ba. Ta ce maganaɗisun da ke bayan waccan ƙofa zai iya fizge kujerar ƙarfe daga hannun ƙato, in kuwa akwai ko ƙwayar ƙarfe a cikin ido, zai motsa ta, ta yanka abin da ta tarar. Sai an fara yi wa idanun hoton ƙashi. Da hoton ya fito, ga shi nan a idon dama, ɗigo ɗaya fari, bai kai ƙwayar yashi girma ba, can ciki inda babu ƙyallen da zai kai. Ba wanda ya san shekarar da ya shiga. Matar Kawu ta dafe baki, shi kuwa ya dafa kafaɗarta ya ce, “Ke kin fitar da dubu, ɗaya ya ɓuya. Ko kyanwa ai ɓera na kuɓuce mata.” Aka mayar masa da agogonsa, suka koma gida ba hoto.

Likitan ido dattijo ne mai sanƙo. Ya leƙa ya leƙa, ya ce ƙarfen ya fara tsatsa a ciki, in an bar shi, wata rana zai ci idon a hankali, ko da yake ba zai iya cewa yaushe ba, wataƙila da sauran shekaru masu yawa. In an shiga ciro shi, galibi ana dacewa, amma wurin da ya kwanta kusa yake da inda gani yake, kuma ba zai yi masa alkawari ba.

A hanya Kawu har da fito yake yi. “Kin ji ko, Yaya? Ba ni na ƙi ba. Na'urar ce ta ƙi ni.”

Ya koma aiki. Magani ya karɓe shi, kumburin ya saɓe, takalmi ya koma shiga. Yaya kuwa ta rame. Ta ɗauko kekenta daga ɗaki ta kafa shi a bakin taga inda take hango kan layinsu. In ta ji ƙarar injinsa ta tsaya ba a lokacin cin abinci ba, sai ta sa takalmi ta fita, ta je ta tarar yana shan ruwa ko yana gardamar ƙwallo da mai fenti, ta yi kamar zare ta fito saye. Ɗinki ya riƙa lalacewa a hannunta, ta haɗa hannun riga a baibai, ta farke, ta sake haɗawa a baibai.

Wata rana da tsakar rana ta same shi shi kaɗai yana cin abinci a kan wani tanki. Ta zauna a benci ba tare da an ce ta zauna ba.

“Auta, zaɓi ɗaya. Ko a sa maka na'urar ba hoto, ko a ciro ƙarfen idon nan a yi hoton.”

“Ko kuma a bar ni in ci abincina.”

“Ba wasa na zo yi ba.”

“Yaya, ido ɗaya gare ni. Kin fi kowa sani, ke kika riƙe ni ranar da ɗayan ya tafi.”

“Ƙane ɗaya gare ni.” Ta gyara jakar a cinyarta. “Baba ban ji kalmarsa ta ƙarshe ba. Dogo na yi masa faɗa a kan wata banzar magana, na ce in ya dawo ma ƙarasa, ga shi har yau ba mu ƙarasa ba. Ni ban ce ba za ka mutu ba. Kowa zai mutu. Amma ka bar ni in yi jinyarka. In dafa maka ruwan zafi, in gyara maka matashi, ka yi mini tsiwa in rama. Kada a bugo mini ƙofa a kanka. Ban taɓa roƙonka komai ba.”

Bai taɓa ganin kukanta ba, ko ranar Dogo. A wannan ranar ma ba ta yi ba. Ya rufe kwanon bai ƙarasa ba.

“In aka yi hoton ba a ga komai ba, za ki bar ni da injina?”

“Har in saya maka sabuwar riga ka huda.”

“To, a ciro.”

Likitar zuciya ta sake zaunar da shi, ta ce ba dole ba ne a taɓa idon saboda hotonta, za ta iya sa na'urar haka nan. Ya ce ya ji, ya gode, amma yana so ya gani.

Ranar aikin ba a sa shi barci ba saboda zuciyar, idon kawai aka kashe. Aka ciro ɓarɓashin, likitan ya nuna musu shi a kan auduga, matar Kawu ta ce, “Wannan ɗan abin?” Da aka kwance bandeji ya ce yana gani kamar ta cikin ruwan sabulu. Aka ce jini ne ya taru, zai washe. Ya ɗan washe ta gefe-gefe. Tsakiyar dai ta ƙi. In ya kalli fuskar mutum sai ya ga kunnuwa da wuyan riga, hanci da baki kuwa sai wani toka-toka. Aka sake shiga idon, aka sake jira. Likitan ido da kansa ya riƙe masa hannu ya ce iyakar abin da zai dawo ke nan.

Duk da haka ya je hoton. Ya ce ai an riga an biya kuɗin shiga da ido, kuma ba a fasa kallo. Aka tura shi cikin na'urar kamar ana zura burodi a tanda, ana ce masa ya riƙe numfashi, ya saki. Da ya fito ya ce ƙararta kamar shagon maƙera, har ya ji kamar yana gida.

Likitar ta kira su ɗakinta, ta juyo musu da allo. Ga zuciyar a yanke kamar zobe, bangonta baƙi ƙirin tun daga sama har ƙasa.

“Babu tabo,” in ji ta. “Ko ɗigo. Kuma magani ya ɗan ƙara mata ƙarfi. Wannan ba alkawari ba ne, Baba, za mu ci gaba da dubawa. Amma da wannan hoto, zan iya jinkirta na'urar. Kana iya komawa aikinka, ban da ɗaga kaya mai nauyi.”

Kawu ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa allon. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu, yana neman gefen idon da ya rage.

“Yaya, duba mini. Da gaske babu farin?”

Ta duba. Ta daɗe tana dubawa, tana neman ko ɗan zare fari, ita kanta ba ta san ko so take ta samu ko kada ta samu ba.

“Babu, Auta.”

“To, madalla,” in ji shi. “Ashe tankin lafiyarsa ƙalau.”

Ya buɗe shago. Mutanen layi suka yi ta kawo masa aiki, har da wanda bai lalace ba. Yakan laluba bakin ƙarfen da yatsa, ya daidaita sandar walda, ya sauke baƙin gilashi, sai wutar ta tashi a inda idonsa ba ya gani. Hannun ya san aikin, amma ɗinkin ya riƙa kaucewa, ya hau gefe ɗaya ya bar ɗayan. Ba wanda ya ce masa komai. Mai faci ma ya daina tsokanarsa, wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Akwai wani tsoho mai turin baro da ya daɗe yana kawo masa gyara. Ƙafar baronsa ta karye, Kawu ya ɗinke, bayan 'yan kwanaki ta sake ɓallewa da kaya a kai. Tsohon bai dawo da shi ba. Ya zagaya ta bayan layi don kada ya wuce ta gaban shagon, ya kai wa wani mai walda da ke tsallaken titi. Yaya na zaune a bencin shagon ranar, ta ga shigarsa. Sai ga ƙarar giranda daga tsallake, ana kankare tsohuwar walda. Kawu ya ɗaga kai ya saurara.

“Baron tsoho ne wancan.”

“Ina ka sani? Baro nawa ne a garin nan?”

“Na san kukan tayarsa. Aikina ake kankarewa.” Ya saurara har aka gama. “Yana da gaskiya. Da a kan ƙafarsa kayan suka faɗo fa?”

Ya tashi ya laluba bango ya kashe wuta, ya naɗe wayar injin a hannu yadda yake yi kullum da yamma, ko da yake rana ba ta ko karkata ba. Daga ranar bai ƙara kunna shi ba.

Hoton bai yi ƙarya ba. Kawu bai faɗi a tsaye ba. Ya yi shekaru masu dama bayan haka, ya ga auren 'ya'yansa, ya sa aka kai su duka aka duba zukatansu, ya goyi jikoki a kafaɗa yana gane su da murya. Da safe yakan zauna a ƙofar gida da rediyo, rigunansa duk lafiyayyu, har yara masu tasowa suna tambayar dalilin da ake ce masa Tartsatsi. Zuciyar ta gaji a hankali, kamar yadda likitar ta ce takan yi wa wasu. Ƙafafun suka sake kumbura, matasan suka ƙaru a bayansa, har ya zama daga gado sai kujera.

Yaya ta tattaro kayanta ta dawo gidan. Ita da matarsa suka raba aikin, ɗaya na dafa ruwa, ɗaya na juya shi. Ya yi mata tsiwa, ya ce hannunta kamar na mai dambe, shayinta kamar wankin kofi. Ba ta rama ba ko sau ɗaya.

Wata safiya tana shafa masa mai a ƙafa, ya ce, “Yaya, kin yi shiru da yawa. Ba haka muka yi da ke ba. Cewa kika yi za ki rama.”

Ta ci gaba da shafawa. Can ta ce, “Da na bar ka, da ka yi shekarun nan da idonka.”

“Wataƙila. Da kuma kin yi su a bakin taga.”

“Ai da na jure.”

“Da ba ki jure ba. Hannun riga kike haɗawa a baibai, duk layi an sani.” Ya yi dariya, ta koma tari, ta ɗago shi ta riƙe har ya lafa. Da numfashinsa ya dawo ya ce, “Ni na ce sai na gani. Ke kuma kin samu jinyarki. To, ki yi ta da kyau mana. Matashin nan ya zame.”

Ta gyara masa matashin. Ya ce ya yi tudu da yawa. Ta rage. Ya ce yanzu kuma ya yi ƙasa.

“Auta, ka ishe ni,” in ji ta.

“Yawwa,” ya ce, ya lumshe ido.

Bayan 'yan makonni ya rasu da hantsi, matarsa na riƙe da kofin ruwan da ya sha rabi, Yaya na zaune a gefen gadon. Ita ce ta tashi ta fita, ta bi gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya ta faɗa musu da bakinta.